Naira 42,000 na kashe don in tada wata fuska daga barci

Har yau akwatin kwamfutar yana nan a zaure, uwargida ta ɗora masa buhun gawayi, kuma duk wucewar da zan yi sai na tuna naira 42,000.

Gardama ce ta jawo. Ranar hawan sallar da ta wuce na haɗu da wani tsohon abokina wajen Ƙofar Soro, muna kallon dawakai hira ta koma 2008, lokacin yana karatu a Malesiya, ni kuma ina kwana a wani kafe na intanet da ke wajen Ƙofar Ƙaura. Awa 7 ce tsakaninmu, saboda haka ƙarfe 11 na dare in na sayi tikitin kwana, shi can gari ya kusa waye masa. Mu buɗe manhajar hira ta Yahoo Messenger, in danna masa Buzz ɗin nan da ke girgiza allo har sai ya amsa, sannan mu shiga teburin sinuka na Yahoo mu yi ta bugawa har ladan ya kira asalatu. To, a gaban mutane ya ce wai bai tuna ranar da na taɓa cinsa ba. Ni kuwa na san sau da yawa saura ƙwallo ɗaya in gama da shi layi ke yankewa, ko janareto ya mutu. Na ce masa ya ba ni wata guda, zan dawo mana da teburin nan, mu raba raini.

Nan na fara ɓata. A tunanina wasan yana cikin kwamfutar, kamar yadda kaset ke riƙe da waƙa. Ka samo injin, ka samo wasa. Ban tambayi kowa ba, don a ganina ni da na yi shekaru ina kwanan kafe ba yaron da zai koya mini kwamfuta.

Na nemo mai kafen. Ya daɗe da rufewa, shagon ya koma na sayar da siminti, amma akwai ragowar injina a wani ɗaki a gidansa. Na ce, "Alhaji, ta kusa da taga nake so, wadda nake zama." Ya yi dariya ya ce shi ina zai gane ta kusa da taga, in ɗauki wadda raina ya kwanta da ita. Na ba shi 25,000, bai ma yi ciniki ba, kuma yadda ya yi saurin sa kuɗin a aljihu ya kamata ya ankarar da ni. Mai gyara ya ci 12,000, don abin da ke raba wuta a ciki ya ƙone, ƙaramin batirin agogonta ma ya mutu. Sauran 5,000 suka tafi a Keke Napep da wayoyi da data.

Ta tashi kuwa. Windows XP, da koren tudun nan da shuɗin sama. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ga Messenger nan a gefe kamar jiya na bar ta. Na buɗe, ga fuskar nan mai launin toka tana barci, wadda da zarar ka shiga take farkawa ta koma ruwan ɗorawa tana murmushi. Na sa sunana da kalmar sirri. Ba ta farka ba. Kwana uku ina fama, ina zargin data, ina zargin waya, har na koma wurin mai gyara na yi masa faɗan da bai ci ba bai sha ba.

Ɗan yayata ne, wanda ke karanta kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya shigo gaida mu ya same ni a kai. Ya leƙa allon, ya yi shiru irin na yaro mai kunya, sannan ya ce, "Kawu, ai da ka tambaye ni." Ya ce teburin sinukar bai taɓa zama cikin akwatin nan ba. Yana kan saba, wato manyan kwamfutocin kamfanin, ni da abokina leƙe kawai muke yi ta taga. Duk ƙwallon da na buga sai ya je can an lissafa shi kafin abokina ya gani. Ranar 17 ga Yulin 2018 aka rufe Yahoo Messenger gaba ɗaya, tsofaffin wasannin kuwa tun 2014 aka fara kwashe su, ɗakunan hira ma tun ƙarshen 2012. Na sayi rediyo ne ina neman tashar da ta daina watsa shiri. Bayanin bai ɗauke shi minti biyar ba, kuma kyauta. Ni kuma 42,000.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ɓoyayyen labari ba ne. Ni da kaina na ga yadda BBM, manhajar hira ta wayoyin BlackBerry, ta mutu a ƙarshen Mayun 2019, na san an narkar da MSN Messenger cikin Skype a 2013, Skype ɗin ma an rufe shi a Mayun 2025. Duk na sani, amma zumuɗi ya hana ni haɗa wannan da wancan.

Daga baya yaron ya zauna ya rarrabe mini, kuma wannan rabon shi ne abin da zan ba duk wanda kewa ta kama. Wasan da kake yi kai kaɗai, wanda dukkansa ke cikin fayil ɗaya, yana nan da rai. Ya sa mini J2ME Loader, manhajar da ke kunna wasannin tsofaffin wayoyi, a wayata ta Android, muka loda Bounce Tales, jan ƙwallon nan na wayoyin Nokia da muke yi muna jiran a amsa mana a 2go, ya tashi lafiya lau. Wasannin Flash ma, irin waɗanda ake yi a shafukan intanet, duk da an daina tallafa wa Flash a ƙarshen 2020, akwai Ruffle da ke kunna da yawa daga cikinsu, akwai kuma rumbun Flashpoint da masu sha'awa suka tara. Amma wanda sai da mutum biyu da saba a tsakani, ranar da aka kashe sabar ya tafi, sai dai in wasu sun gina wata. An yi hakan wa MSN, sunanta Escargot, sai dai sabon rajista za ka yi, ka shiga ka tarar da jerin abokanka fayau. Mu a Katsina ma ba 'yan MSN ba ne, ban wahalar da kaina ba. Yaron ya kuma hana ni sake haɗa XP ɗin da intanet, don tun 2014 ba a toshe mata ɓaraka. Kafin ka fitar da ko sisi, tambaya ɗaya za ka yi: wasan nan yana buƙatar shiga da suna? In eh ne, riƙe kuɗinka. Ni ban yi ba.

Abu ɗaya na samu. Yana bincike cikin injin ya buɗe wata jaka inda Messenger ke ajiye sunan duk wanda ya taɓa shiga da kwamfutar. Sunaye rututu, irin na wancan zamani, masu lambar shekara da kirarin soyayya. Muna gangarawa sai ga nawa. Ashe na taɓa zama a kanta. Yaron ya karanta sunan da ƙarfi, ya kasa riƙe dariya, uwargida ta leƙo daga tsakar gida tana tambaya wace ce aka yi wa wannan laƙabin. Ban amsa ba.

Gardamar kuwa a waya muka raba ta. Abokina ya ce in sauke 8 Ball Pool, kyauta, abin da tun ranar sallar za mu iya yi muna tsaye a Ƙofar Soro. Muka buga biyar, ya ci huɗu. Layi bai yanke ko sau ɗaya ba.