Godiya Bayan Abin Da Ya Same Mu A Dutsen Leshan

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, Yaya ya samu sauƙi. An sallame shi tun daren Asabar, jiya kuma na raka shi filin jirgi ya koma Guangzhou wajen kayansa. Na ga saƙonninku da kiran da ban samu ɗauka ba, ku gafarce ni, sai yanzu hankalina ya kwanta.

Sarin kaya ne ya kawo shi ƙasar Sin, ya ce ba zai koma Kano bai ga inda ƙaninsa ke karatu ba. Da ya iso Chengdu sai na ce bari in kai shi Leshan, tafiyar kamar awa ɗaya a jirgin ƙasa mai sauri, ya ga mutum-mutumin Buddha da aka sassaƙa a jikin dutse. Kallo da sanin tarihi suka kai mu. Tsayinsa mita 71, yana zaune, hannuwa bisa gwiwoyi, ƙafafunsa dab da ruwa inda kogunan Min da Dadu da Qingyi suka haɗu. Ta sama muka fara isa, daidai kansa, kusa da wurin ibadar Lingyun. Kunnensa kaɗai mita 7 ne. Yaya, da yake a hannun Baba magini ya tashi, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne magudanan ruwan da aka ɓoye cikin nannaɗen gashin da wuyan rigar don kada ruwan sama ya ci dutsen.

Daga nan muka bi matakalar da ke gangarawa ta gefen mutum-mutumin, mai kwana tara, wadda wani wurin mutum ɗaya kawai take ɗauka. Layi ne, gaba mutane baya mutane, ga rana. Yaya yana da ciwon suga, ya sha maganinsa da safe amma bai ci abin kirki ba saboda ba mu samu abincin halal a hanya ba. Wannan sakacina ne. Muna tsakiyar gangara na ga zufa ta jiƙa masa riga, hannunsa na rawa a kan ƙarfen dafawa. Ya ce, "Ƙanina, riƙe ni," sai ya sulale.

Godiyata ta farko bayan Allah ga wata dattijuwa ce da ke bayanmu. Da na faɗa da ɗan Sinancina cewa suga ne, ba ta tsaya tambaya ba, ta zazzage jakarta ta ɓare alawa biyu ta miƙo, ta cire hularta tana yi masa fifita. Sai samari biyu da suka karɓa-karɓa wajen goya shi, mutane na mannewa da dutse suna ba mu hanya har muka koma sama. Ɗayansu har takalminsa ya tsinke. Ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, kafin in juyo sun shige cikin jama'a.

A sama wani mai hidimar wurin ibadar, kansa a aske, sanye da tufa ruwan toka, ya shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ya kawo ruwan ɗumi. Da ya ga ina duba alƙibla a waya, ya nuna mini wani lungu mai tsabta nesa da turarensu da gumakansu, na yi Azahar. Yana zaune da mu yake ba mu labari, ina fassara wa Yaya: wani malaminsu mai suna Haitong ne ya fara aikin a shekarar 713, saboda jiragen ruwa da ke yawan kifewa a mahaɗar nan. Ya rasu bai ga ƙarshensa ba, sai a 803 aka gama, shekara 90 ke nan. Duwatsun da aka fasa aka zuba a kogin su suka rage wa ruwan ƙarfi. Yaya ya yi shiru, ya ce, "Ashe tun asali tausayin matafiya ne ya kafa wurin."

Na gode wa direban tasi da ya ƙi karɓar kuɗinmu, da likitocin da suka duba shi ba ɓata lokaci, da Musulmin nan ɗan ƙabilar Hui mai shagon taliya da ya kawo mana romon naman sa har asibiti. 'Yan'uwa ɗalibai na Chengdu da kuka taso cikin dare, Allah Ya bar zumunci, Ya saka muku da alheri.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Yana cin abinci, yana shan maganinsa kan lokaci, ranar Laraba in sha Allahu zai sauka Kano.