Alhamdulillahi, an karanta hoton Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi rabbil alamin. Likita ya karanta hoton MRI da aka ɗauki Baba, ya zaunar da mu, kuma labarin mai daɗi ne: babbar jijiyar jininsa da ta tsage tana nan yadda aka bar ta, ba ta ƙara buɗewa ba. Waɗanda suka yi ta kira ba a ɗaga ba, ku yi mana afuwa. Muna shiga gida kowa ya zube inda ya samu, ni ko takalmi ban cire ba barci ya kwashe ni.

Ba sai na koma baya ba, kuna tare da mu tun daren da abin ya same shi. Abu ɗaya nake so in gyara, don na ga ana ta yi mana barka wai Baba ya warke. Bai warke ba, kuma shi ma ya sani. Bangon babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya hawa uku ne. Na ciki ne ya tsage masa, jini ya kutsa cikin na tsakiya ya buɗe wa kansa hanya ta biyu, kuma wannan hanyar tana nan. Nasa nau'in B ne, wato tsagar ta fara ne bayan jijiyar ta lanƙwasa ta gangara, shi ya sa ba a buɗe masa ƙirji ba, aka riƙe shi da magani. Da nau'in A ne, wanda ke kusa da zuciya, da tiyata ce a take. Tunda ya wuce kwana 90, likitoci sun mayar da shi sahun masu daɗaɗɗiyar tsaga. Abin tsoron yanzu shi ne bangon hanyar nan ta biyu ba shi da kauri, yana iya miƙewa sannu a hankali, mutum na cin abincinsa yana dariya, ba ciwo ba alama. Hoto kaɗai ke nuna shi. Idan faɗin ya kai wajen santimita 5.5, ko ya riƙa ƙaruwa da sauri, sai a fara maganar zura bututun raga ta jijiyar cinya ko kuma tiyata. Na Baba bai je kusa da nan ba. Ɗan bambancin da aka gani bai kai milimita 2 ba, likita ya ce irin wannan ko daga awon ma ana samunsa, balle da na'urar ta canza.

Masu tambayar me ya sa ba a sake yin siti sikan ba, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da hasken eksire, tunda ya fi sauri, ni ma na tambaya. Shi ne ya cece mu a daren farko, ba mu raina shi ba. Amma mutumin da za a riƙa ɗauka hoto har iya rayuwarsa, hasken eksire taruwa yake yi a jikinsa, ga ruwan allurar da ke wahalar da ƙoda, kuma kun san halin da ƙodar Baba ta shiga. Hoton MRI da maganaɗisu da igiyar rediyo yake aiki, babu wancan hasken. Shi ma yana da tasa allurar, gadoliniyam, amma da aka duba gwajin ƙodarsa sai aka ɗauka ba tare da ita ba, kuma hoton ya fito.

To, hoton nan ne ya so ya gagare mu. Kun san yadda muka dawo wancan karon hannu rabbana. Abin da ban faɗa muku ba shi ne abin da ya ce min a mota. Ya ce, "Uwata, da suka tura ni ciki, kabari na gani." Mutumin da bai yi kuka ba ranar da jijiyarsa ta tsage, ranar sai da ya share ido. Ga matsi, ga ƙara kamar ana dukan ƙarfe, ga abin toshe kunne, shi kuma dama kunnensa na hagu ya yi nauyi. Ana ce masa ya riƙe numfashi ba ya ji, hoto na fitowa dishi-dishi, har ya matsa ƙwallon neman agaji da suka ba shi aka fito da shi.

Wannan karon Allah Ya haɗa mu da wata baiwar Allah a ɗakin hoton. Ba ta yi masa wa'azin jarumta ba. Ta durƙusa daidai kujerarsa ta ce, "Baba, me ya fi damunka a ciki?" Ya ce shi kaɗai ne, kuma ba ya jin abin da ake faɗa. Sai ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa, ta miƙo min takardar tambayoyi irin wadda ya cike: ko an taɓa sa min ƙarfe a jiki, ko na'urar bugun zuciya, ko ina da ciki. Ta sa na cire 'yan kunne, agogo, katin banki, har ƙaramin fil ɗin da na manta yana maƙale a mayafina, ita ta gano shi da hannunta. Ta manna masa wayoyi a ƙirji don na'urar ta riƙa ɗauka daidai da bugun zuciyarsa, ta ɗora masa kyalle a ido tun kafin gadon ya motsa. Sannan ta tsayar da ni wajen ƙafafunsa ta ce, "'Yar'uwa, in kin ji na ce a riƙe, ki matse babban yatsansa. In na ce a saki, ki sake."

Haka muka yi. Muryarta ta fito, in matse, ƙirjinsa ya tsaya. Daƙiƙa goma sha wani abu, in sake, ya sauke numfashi. Ƙafarsa sanyi ƙalau, tana ɗan rawa da farko, can sai na ji ta lafa. Ana cikin haka ya motsa yatsan sau biyu a tafin hannuna, ban san ko tsoro ne ko yana gaya min yana nan ba, ni dai na ƙara riƙewa ina karanta duk abin da ya zo bakina. Fiye da rabin awa muka yi. Da aka jawo gadon, abin da ya fara cewa shi ne, "Har an gama?" Ita kuwa tana can tana shirya wa na gaba, godiyar ma a tsaitsaye ta karɓa. Baiwar Allah, ko wannan saƙo ya iso gare ki ko bai iso ba, Allah Ya tsaya miki a ranar da kike buƙatar mai tsayawa. Allah Ya ji ƙan mahaifanki, Ya shirya miki zuri'a, Ya sa kada ki taɓa shiga ƙunci ke kaɗai.

Na san za a yi min faɗa, amma sai na faɗa. Yaya Babba, kai ka ɗauki nauyin da ba ka taɓa bari mu ji adadinsa ba. Matar Yaya, ke ce kike rubuta awon jininsa safe da yamma a littafin nan da likita ya yaba, har ya ce da kowa na kawo irinsa da aikinsa ya yi sauƙi. Autanmu da ya haddace lokutan magani ya fi agogo. Maƙwabcinmu da ya bar mana makullin mota ya ce kada mu ƙara sallama in dare ne. Likitan zuciya da bai taɓa gajiya da zana mana jijiyar a bayan takarda ba. Da ku da kuka yi ta addu'a daga nesa, wasunku ko Baba ba ku taɓa gani ba. Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya rufa muku asiri duniya da lahira, Ya ba marasa lafiyarku lafiya, waɗanda suka riga mu Ya haskaka makwancinsu.

Sai shekara mai zuwa kuma za a sake ɗauka, in Allah Ya kai mu. Kafin nan, masu zuwa gaisuwa ku taimaka mana. An ce awon jininsa na sama ya tsaya wajen 120, bugun zuciya wajen 60. Kada a bar shi ya ɗaga kaya mai nauyi ko ya ce zai iya, kuma rigimar da za ta iya jira, a bar ta a bakin ƙofa.

Akwai waɗanda muka zuba ido ba mu gani ba, ko a waya. Wataƙila uzuri ne, Allah Ya sani, ban riƙe kowa ba. Amma likita ya ba da saƙo ga waɗanda suka haɗa uwa ko uba da Baba, da mu 'ya'yansa: irin wannan ciwo yakan bi jini a wasu gidaje, don haka kowa ya je a duba masa babbar jijiyarsa da hawan jininsa. Mu mun riga mun karɓi ranar namu. Wanda ya ga wannan, don Allah ya isar wa su Baffa, tunda ni lambata ba ta shiga.