Sunana na allo, amma ƙasan layi

Ƙannena da kuka ci bak bana, wato jarabawar kammala sakandare, ku matso in ba ku labarin wautar da ta ci mini shekara guda.

Na ci bak D, ta ɓangaren kimiyya, a zagayen farko da maki 11 da ɗoriya cikin 20. A gidanmu, nan unguwar Zariya ta Maraɗi, har an fara kirana likita, ni ma kuwa ina amsawa. Dosiye ɗaya tak na haɗa, wato takardun neman gurbi a jami'a, ta karatun likita, don a ganina neman wani fanni raini ne.

Ranar da aka kafe sunaye na hau kabu-kabu tun da sassafe. Na bi takardar da yatsa har ƙarshe, babu ni. Sai can ƙasa, inda aka ja layi aka rubuta jerin masu jira, na ga sunana, na tara. Na ɗauka kora ce cikin ladabi.

Ashe ba haka ba ne. Cin bak izinin nema kawai yake ba ka, gurbi kuwa ƙidayayye ne: kujerun ɗakin gwaji, yawan malamai, da gadajen asibitin da ɗalibai za su koyi aiki a kai. Masu tantancewa suna jera dosiye daga mai maki da yawa zuwa ƙasa, kuma ba jimilla kaɗai suke dubawa ba, suna leƙa darussan da fannin ya dogara a kansu. Ni Faransanci da tarihi suka ɗaga ni, lissafina 8 ne. Inda kujeru suka ƙare nan ake jan layi, ko da na ƙasansa ya cancanta.

Su kuma sun san ba duk wanda aka ɗauka ke zuwa ba. Wani ANAB, hukumar tallafin karatu ta Nijar, ta ba shi bursa zuwa Maroko ko Aljeriya, wani ya zaɓi Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, wani bai biya kuɗin rajista kan lokaci ba. Waɗannan guraben ake cikewa daga jerin jira, bi da bi.

Ni fa fushi ya kwashe ni zuwa ƙauyen kawuna wajen Dakoro, wai zan taya shi girbin gero. Can waya ba ta kamawa sai ka hau tudu, kuma lambar da na sa a dosiye ita ce a aljihuna. Da na dawo, wani abokina ya ce an kira har na goma sha ɗaya. An neme ni, ba a same ni ba, aka wuce.

Don haka ku sa lambar da ke kunne kullum, ku ƙara ta baba ko ta yaya. Ku riƙa leƙa allo da ƙafarku kowane mako, ku tambayi ranar rufe rajista, kuɗin kuma su kasance a hannu, don wanda aka kira daga jerin jira ba a ba shi kwanaki da yawa. Sannan kada ku tsaya ga dosiye ɗaya.

Da shekara ta zagayo uku na ajiye. Ta aikin gona a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ce ta fita, kuma har yau Inna likita take kirana, wai na gero.