Digiri na biyu bai mayar da ni lauya ba

Ɗan yayata ya kawo min takardar gurbin karatu daga wata jami'a a Ingila, zai je digiri na biyu a fannin shari'a, wato LLM. Bara ya gama na farko, bai shiga Makarantar Horas da Lauyoyi ba, wai jiran gurbi ya ishe shi. "Kawu, ina gamawa a can zan kama aikin lauya," in ji shi. Uwarsa har ta sa filin gadonta a kasuwa.

Wannan hanyar na riga shi bin ta. Abokaina suna haɗa kayan tafiya rassan Makarantar Horas da Lauyoyi na Bagauda da Bwari, ni kuwa na nufi Ingila. Ba zan ce wauta ce zalla ba. Mahaifinmu ya tsufa, gida kowa ya zuba min ido, wanda ya yi min hanyar tafiyar kuma ya rantse cewa da LLM ko'ina zan yi aiki. Amma tsakani da Allah, ban tambayi wani babban lauya ba ne don ina tsoron amsar da zai ba ni.

Sai da takardar ta zo hannuna na gane abin da na saya. Jami'a digiri take bayarwa, izinin aiki kuwa yana hannun wata hukuma daban. A Ingila hukumar SRA ce ke ba rukunin lauyoyin da ake kira solisita lasisi, kuma babu ruwanta da LLM ɗina. A wancan lokacin, wanda aka riga aka rantsar lauya a Najeriya jarrabawar sauya sheƙa kawai zai zauna. Ni da na tsallake matakin, sai na yi kwas na dokokin Ingila, na yi na koyon aiki, sannan horon shekara biyu a ofishin lauyoyi, in ma an samu gurbin. Kuɗi kuwa sun ƙare.

Na samu aiki a wani ƙaramin ofishi, ina haɗa fayil, ina kai takardu kotu. Teburin da ke kusa da nawa na wata mata ce da ba ta taɓa shiga jami'a ba. Da amsa waya ta fara, rana aiki, dare karatun jarrabawar ILEX, cibiyar horar da ma'aikatan shari'a da aka kafa a 1963, wadda ta samu amincewar masarauta a 2012 ta koma CILEX. Duk cinikin gidajen ofishin a hannunta yake, a gabanta ake rantsuwa kan takardu, ni mai digiri biyu ina ɗauko mata fayil. Ta ce in yi rajista, na ji kamar ta zage ni. Ina da 'yar hujjata: takardar CILEX ba ta ba mutum damar tsayawa gaban alƙali a Kano, zuciyata kuma tana gida. Sai dai LLM ɗin ma ai ba ya bayarwa, kuma na san haka a lokacin. Girman kai ne ya hana ni.

Ƙarshenta na dawo na shiga makarantar da na guje wa, na zauna aji ɗaya da ƙannen bayana. A wannan sana'ar da shekarar rantsuwa ake lissafin girma. Har gobe in na shiga kotu, sai an gama kiran shari'un waɗanda muka yi jami'a tare ina zaune ina jira, wani lokacin har azahar.

Na so in jero shawarwari da yawa, sai na ga kaɗan ne. Ka shiga Makarantar Horas da Lauyoyi tukuna, a rantsar da kai, a sa sunanka a rajistar Kotun Ƙoli. Kafin ka biya ko kwabo, ka san wa ke ba da takardar, domin akwai kwalejojin da koyarwa kawai suke yi, digirin na wata jami'a ne. Ka kuma san wa ke ba da lasisi. Bayanin lasisin Ingila yana shafin SRA da na CILEX kyauta, amma yaran yanzu sun gwammace su yarda da ɗan TikTok da ya tsaya gaban jar bas a Landan. Wayar tana hannunku dare da rana, karanta shafi biyu ya gagare ku!

Ban ce kada a tafi ba. Karatun ya buɗe min kai, kuma tun 2021 da aka kawo jarrabawar SQE ta zama solisita, ƙofa ta fi buɗewa: mai digiri yana iya zama ya yi ta, ya haɗa da aikin shekara biyu. Kenan yaron zai iya abin da ni na kasa. Duk da haka na ce ya tsaya, don lauyan da aka rantsar a gida ba a neman wannan shekara biyun a wurinsa. Wanda kuma ya san can zai zauna, ya nemi aiki ya bi ta CILEX, kada ya raina ta kamar yadda na yi. Masu iyali su sani cewa tun Janairun 2024 bizar irin wannan kwas ɗin ba ta ɗaukar mata da yara.