Awa nawa za mu yi a sama?

Aikina yanka wa mutane tikitin jirgin sama ne, ofis ɗin ba wani babba ba ne, ni ne da yaran da ke taya ni kan kwamfuta. Kuma wallahi bayan maganar kuɗi babu tambayar da ta kai wannan yawa: "to awa nawa ne tafiyar?" Mutum yana ganin kamar in ka san kilomita ka san lokaci ke nan, alhali ba haka abin yake ba sam.

Ɗauki Landan zuwa New York. Nisan wajen kilomita 5,500 ne da ɗan wani abu, jirgin fasinja kuma yana gudun kusan kilomita 900 a awa in ya daidaita a sama. Amma zuwa kusan awa 8 ne, dawowa kuma wajen awa 7, jirgi ɗaya, hanya kusan ɗaya. Dalili wata iska ce mai ƙarfin gaske da ke can sama tana kaɗawa daga yamma zuwa gabas, in za ka Amurka kana cin karo da ita, in za ka dawo kuma ita ke tura ka ta baya. A Fabrairun 2020 da aka yi guguwa, wani jirgin British Airways ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56.

Sai kuma rikicin agogo, nan ne kwastoma ya fi ruɗewa. Lokacin da ke jikin tikiti na garin da kake ne, tashi da agogon garin tashi, sauka da agogon garin sauka. Sai ka ga an rubuta tashi Landan 10 na safe, sauka New York 1 na rana, mutum ya ce ashe awa 3 ne kawai, ya manta da awa 5 da ke tsakanin agogunan biyu. Dawowa kuma tashi 7 na yamma sauka 7 na safe, ya ce min haba Alhaji awa 12? Shi ya sa nake ɗaukar biro in rubuta masa ainihin awannin a gefen takardar kafin ya bar teburina, musamman in akwai wanda zai je tarbarsa.

Hanyar ma ba kullum take miƙe ba. Tun 2022 da Rasha ta rufe sararinta ga jiragen Turai, Helsinki ta ƙasar Finland zuwa Tokyo ta Japan da ake yi cikin wajen awa 9 ya koma kusan 13 saboda zagaye, garuruwan kuwa ba su matsa ko'ina ba.

Inda na fi tsayawa dai shi ne yada zango. Kwamfuta za ta nuna maka tikiti mai arha da canjin jirgi na minti 55 a babban filin jirgi, a takarda ya yi kyau, amma jirgin farko ya makara kaɗan, ga layin bincike, ga ƙofar da za ka shiga tana can ƙarshen gini, ga kaya. Dattijo ko mai yara ni ba na yanka masa ƙasa da awa 2, in ya nace sai na zaunar da shi na nuna masa tikiti mai gajeren zango da mai dogon zango a allo ya zaɓa da kansa.