Kafin ka zargi katin DZ11, ƙirga haruffa

Ƙannena masu raya tsofaffin kwamfutocin PDP-11 da VAX, kuskuren da na fi daɗewa a kansa shi ne sauya kati da zarar na ga na'ura ta yi nauyi lokacin da taminal ke zuba rubutu. Sau da yawa katin lafiyarsa ƙalau, haka aka ƙera shi.

DL11 da DZ11, katunan da ke haɗa taminal da kwamfuta, ba sa ɗibar rubutu daga ma'adana da kansu. Kowane harafi da zai fita sai katin ya katse wa firosesa aikinta, ta miƙa masa na gaba. Harafi ɗaya bit 10 yake ci a waya, har da na farawa da na tsayawa, don haka layi mai gudun bit 9600 a daƙiƙa haruffa 960 yake fitarwa a daƙiƙa, wato katsewa 960. DZ11 layuka 8 gare shi. In duka suka buɗe wuta lokaci guda, an kai 7680. Rumbun haruffa 64 da ke cikinsa na rubutun da ke shigowa ne, ba ya tsinana wa mai fita komai. Wannan ya daɗe yana ruɗa ni.

Fara da awo. A tsarin Unix na 4.3BSD, umarnin vmstat -i zai nuna maka jimillar katsewar kowace na'ura tun da aka kunna kwamfutar, sai ka maimaita shi ka ga nawa ke ƙaruwa a daƙiƙa. A tsarin VMS duba MONITOR MODES ka ga kason lokacin da ke tafiya a Interrupt Stack, wato wajen amsa katsewa. Sai ka je taminal ɗin da kake zargi ka danna Ctrl-S, wanda ke dakatar da fitar rubutu. In adadin katsewa a daƙiƙa ya sauka da kusan 960, babu abin da ya lalace, nauyin na gaskiya ne. Maganinsa rage gudun layukan da ba sa buƙata zuwa 2400, ko mayar da masu yawan rubutu kan katin da ke ɗiba da kansa daga ma'adana, wato ta DMA: DH11 ko DHU11 masu layuka 16, ko DMF32. A VMS ka tuna da saitin TTY_DMASIZE, domin rubutun da bai kai tsawon da aka sa a cikinsa ba har yanzu harafi-harafi yake fita.

In kuwa kowa ya tashi, alluna sun yi tsit, amma adadin bai sauka ba, to akwai ciwo. Wuri na farko da na riƙa tsallakewa shi ne doguwar wayar da aka bari ba komai a bakinta. RS-232, tsarin wayar taminal, kusan mita 15 aka tsara masa. Wayar da ke lilo tana tsintar hayaniya, getty, shirin da ke jiran mai shiga a layin, ya ɗauka wani ne ke bugawa ya maimaita, abin da ya aika ya tsallaka wayar karɓa ya dawo masa, su yi ta zagaye har gari ya waye. Modem da aka bar masa maimaita haruffa ma haka yake yi. Alamarsa, ƙidayar shiga da ta fita suna hawa tare. A 4.3BSD, mayar da layin off a fayil ɗin /etc/ttys, ka yi kill -HUP 1 don a sake karanta shi, layi ɗaya bayan ɗaya, kana duban adadin.

Na biyu ya shafi mai taɓa direba, wato shirin da ke sarrafa katin. In rubutun layi ya ƙare, dole a goge bit ɗinsa a rijistar TCR, wadda ke gaya wa katin layukan da ke da abin aikawa. In an manta, DZ11 zai ci gaba da ɗaga TRDY, alamar ya shirya aikawa, yana neman harafin da babu, kuma tunda a matakin fifiko na BR5 yake kira, sama da na shirye-shirye, shirye-shiryen masu amfani ba za su samu sararin numfashi ba.