Takarda ɗaya na duba cikin uku, farautar elk ta tashi a banza

Dala 6,500 na biya mai sansanin farautar. Lasisin baƙo na jihar Kolorado a Amurka ya ci sama da dala 800, ga kuɗin jirgi zuwa Denba, ga hayar mota, ga kwana tara da na yanka daga hutun shekara. Abin da na samu da duk wannan shi ne tsayuwa a gindin shingen waya da sanyin asuba, ina kallon namijin elk, wata ƙatuwar barewar Amurka, mai rassa biyar a kowane ƙaho yana kiwo a taku ɗari biyu, bindiga a hannuna, ba damar harbi. Ɗan jagoran yana ta raɗa mini, "Tsallaka kawai, mai filin abokin maigidana ne." Na ce ina takarda? Ya ce a nan ba a yin haka. Na buɗe onX, manhajar taswira mai nuna iyakokin filaye, a wayata, ta nuna ƙarara cewa daga wayar nan filin gwamnati ya ƙare, na wani makiyayi ya fara. Ban tsallaka ba.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma da kaina nake fushi fiye da shi, domin tun watan Fabrairu, ina zaune a falona, da kiran waya ɗaya zan iya gano wannan.

Mai shirya wa mutane farauta a yammacin Amurka, wanda suke kira autfita, takardu uku ne ke riƙe da sana'arsa, kuma kowacce daga hannu daban take fitowa. Ta farko rajistar jiha. A Kolorado tana ƙarƙashin ma'aikatar DORA mai kula da lasisin sana'o'i, sai mutum ya nuna inshora da kuɗin jingina kafin a ba shi lamba, kuma kowa na iya buga lambar a intanet ya ga ko tana aiki, ko an taɓa hukunta mai ita. Wannan na duba. Lambar tana aiki, ba tabo. Na ji kaina ya yi girma, na aika kafin alƙalami, rabin kuɗin, a ranar.

Ta biyu ita ce na yi sake da ita. Rajistar jiha tana cewa mutumin nan an yarda ya yi sana'ar, ba ta cewa a ina. In zai kai ka dajin tarayya don kuɗi, dole ya riƙe izini na musamman daga Hukumar Gandun Daji ta Amurka, ko daga BLM, wata hukumar kula da filayen tarayya, in filin nata ne. Izinin yana ɗauke da iyakar yankin, da wuraren da aka yarda ya kafa tanti, da yawan kwanakin baƙi da aka ware masa a shekara. Ta uku kuma yarjejeniya ce a rubuce da mai fili, in har ƙafarka za ta taka gonar wani. Mutumina yana da izinin tarayya, ba ƙarya ya yi ba, amma na wani ɗan zirin tudu ne da hanyar mota ta ratsa, wanda duk mai lasisin kanti, wato wanda ake saya kai tsaye ba sai an ci ƙuri'a ba, ke bi. Kwana biyu da buɗe farauta, harbe-harbe suka kora garken gaba ɗaya zuwa filayen makiyaya da ke ƙasa, inda ba mai damunsu. Kowace shekara haka suke yi, shi ma ya sani. Dabararsa ke nan: ya kai baƙo bakin shinge, ya bar kwaɗayi ya ƙarasa aikin.

Kada wani ya ce ai laifin na jagora ne. Wanda ya ja kunamar bindiga shi ke da dabbar, shi ke da laifin. A Kolorado doka ba ta tilasta wa mai fili ya kafa allo ko ya yi shinge ba, nauyin sanin inda kake tsaye a wuyanka yake. Farauta a filin wani ba izini na iya jawo a dakatar da kai har shekara biyar, kuma saboda yarjejeniyar da jihohi suka ƙulla tun 1989, dakatarwar tana bin ka kusan duk jihar da ka je. In ka ɗauki naman ka ƙetare iyakar jiha da shi, ka faɗa hannun dokar Lacey ta 1900, magana ta zama ta tarayya. In kuma tsautsayi ya sa namijin mai rassa shida ne a ƙaho ɗaya, akwai ƙarin tarar dala 10,000 ta dokar da aka yi bayan an kashe wani sanannen elk mai suna Samson a Estes Park a 1995. Duk wannan a kan maganar baki ta "abokin maigidana ne".

Abin da ya kamata in yi ba shi da wuya. Ka ce da mai sansani ya gaya maka lambar yankin farauta, ya aiko da hoton izininsa na tarayya da taswirar iyakarsa. Ka ɗora taswirar a kan onX ka ga hanyoyin mota nawa suka shiga, da inda filayen mutane suka kewaye shi. Daga nan ka kira ofishin gandun dajin da ya ba da izinin ka tambaya ko yana aiki bana. Sai ka nemi malamin dajin da ke kula da yankin a hukumar namun daji ta jihar. Ba zai zagi kowa ba, aikin gwamnati yake, amma ka tambaye shi ina elk ke komawa bayan an fara harbi a zango na biyu na farautar bindiga, ƙarshen Oktoba. Amsarsa ta minti uku ta ishe ka. Da na kira shi bayan na dawo, don dai in huce, bai ko yi jim ba ya ce ƙasa suke sauka, filayen makiyaya.

Wasu alamun ma sun bayyana, zaƙin baki ya rufe mini ido. Ya ce baƙinsa kashi 90 cikin ɗari suna samun "dama". Dama fa, ba nama ba. A lissafinsa tsayuwata a gindin shingen nan dama ce, na tabbata an ƙirga ni cikin masu sa'a. A fili na gwamnati, mafi yawan masu farautar elk a Kolorado hannu rabbana suke komawa gida, don haka duk wanda ya yi maka alkawarin ɗari bisa ɗari, ko maƙaryaci ne, ko dabbobin a killace suke cikin dogon shinge kamar shanun kiwo. Ƙungiyar Boone and Crockett, mai adana tarihin manyan ƙahonin da aka farauto, ba ta karɓar irin wannan ƙahon a littafinta, kuma Montana ta hana harbin dabbar killace don kuɗi tun 2000. Tambayar da ke fasa ƙwai ita ce: bara, a makon da zan zo, mutum nawa suka kwana a sansaninka, nawa suka fita da nama? Sai ka ce ya ba ka lambobin mutum uku da ba su samu komai ba. Wanda ya kashe dabba zai yabi kowa, ko da a tabarma aka kwantar da shi. Wanda ya koma ba komai kuma ya ce zai sake dawowa, shi ne shaida. Ni lambobi biyu aka ba ni, dukansu masu hoto da ƙaho.

Yarjejeniyar ma shafi ɗaya ce, na sa hannu ban nemi ƙari ba. A waya ya ce jagora ɗaya ga mafarauta biyu, a daji muka tarar mu huɗu ne a bayan yaro ɗaya da bai fi mako uku da sanin tudun ba. A rubuta adadin. A rubuta kwanakin farauta zalla, ban da ranar shiga da ranar fita. A rubuta abin da zai faru da kafin alƙalami in ba ka ci ƙuri'ar lasisi ba, wanda ke da muhimmanci ga mai neman Wayomin, inda ake rufe karɓar takardun baƙi a ƙarshen Janairu, ko Montana da Kolorado da ke rufewa farkon Afrilu. A Wayomin ɗin ma baƙo ba ya farautar manyan dabbobi a dajin da tarayya ta keɓe sai da jagora, don haka can zaɓin mutum ya fi nauyi. A rubuta ƙa'idarsa kan dabbar da aka ji wa rauni ta ɓace. Masu mutunci da yawa suna cewa in ka zubar da jini farautarka ta ƙare a kan wannan dabbar, za a bi sawunta har a gaji. Da farko na ga tsauri ne, yanzu in ban ji mai sansani ya faɗi haka ba sai in yi shakkarsa.

Sai nama. Babban namiji yana ba da tsoka kilo 90 ko fiye, kuma sau da yawa a ƙasan kwari yake faɗuwa, a tudun da ya haura mita 2,800, inda hawa ɗan gajere ke sa ƙirji ya yi zafi. Dokar jihar ta ce cinyoyi biyu, karfata biyu, naman gadon baya da lallausan naman cikin ƙugu duk sai an fito da su, kuma a bar shaidar jinsin dabbar manne da nama. Ka tambaya alfadarai nawa gare shi, awa nawa ake ɗauka kafin su iso, da inda ake rataye nama ya sha iska. Elk fatarsa kauri gare ta, in aka bar shi kwance dare ɗaya ba a feɗe ba, naman kusa da ƙashin cinya da wuya ya kan yi tsami ko da dusar ƙanƙara na zuba. Ka kuma ji ko yankin na cikin wuraren da ake gwajin cutar nan mai rame dabbobi, CWD, domin jihohi da yawa ba sa yarda a shigo musu da ƙwaƙwalwa ko ƙashin baya.

Ga Musulmi akwai ƙari, kuma tun a waya ake faɗinsa. Ka gaya masa za ka yi bisimilla kafin harbi, in kun tarar da dabbar da sauran rai kai za ka yanka da hannunka, kada jagora ya riga ka ƙarasa ta. Masu son ƙawata kai a bango ba sa son a taɓa wuya, gara a yi wannan gardamar a Fabrairu. Ka yi maganar kicin ma, don karin kumallon sansani kusan kullum da naman alade ake soya shi, a kasko ɗaya da ƙwai.

Shekarar da ta biyo baya na koma wurin wata mata da mijinta masu sansani a cikin dajin Flat Tops na Kolorado, inda doka ta hana mota, sai awa huɗu a kan doki. Kafin in gama tambaya ta turo izinin da taswirar, ta haɗa da sunan jami'in da zan kira, da lambobi biyar na waɗanda ba su samu ba. Ta ce cikin mutum shida na makon bara, biyu ne suka fita da nama. Dala 700 ta ɗara na farkon. Ranar huɗu na harbi mai rassa huɗu, ƙarami, da ƙyar ya cika sharaɗin doka, jagoran ya ja baya ya miƙo mini wuƙa. Kafin la'asar alfadarai biyu sun iso.

Na farkon kuwa har yanzu yana aiko mini da saƙon tallan bana, da hoton wani baƙo yana dariya a bayan babban ƙaho. Na ƙara girman hoton, a can gefen hagu ana hango turakun shingen nan.